Makaman Amurka a Taiwan da ƙorafin Chaina: ina gizo ke saƙar?

Duk bayan 'yan watanni sai labarin nan ya dawo a rediyo kamar an maimaita kaset: Amurka ta amince za ta sayar wa Taiwan makamai na dala miliyan kaza, kafin gari ya waye Chaina ta fito ta ce sam ba ta lamunta ba, ta miƙa wa jami'an Amurka takardar koke, ta sa wa wasu kamfanoni takunkumi, wani sa'in ma ta tura jiragen yaƙi na sama da na ruwa su yi atisaye a kewayen tsibirin. Na watan Disambar 2025 ya fi na kullum girma don cinikin ya haura dala biliyan 11, shi ya sa maganar ta kai har teburan masu shayi na Samaru da Tudun Wada a Zariya. Wani makanike a Sabon Gari ya yi min tambayar da na ga ita ce a bakin mutane da yawa, ya ce "Malam, don Allah wai Taiwan ɗin nan ba ita ce ta kayan gyaran da muke cewa ɗan Taiwan ba? To in dai ƙasa ce, ina ruwan Chaina da abin da ta saya da kuɗinta? In kuma ba ƙasa ba ce, ta yaya har ake sayar mata da jirgin yaƙi?"

Tambayar nan tasa ita ce ainihin abin da manyan ƙasashen biyu suka kasa daidaitawa a kai tun shekarun 1970, sai suka lulluɓe ta da kalmomin da kowa zai fassara yadda ya yi masa.

Asalin rigimar

Taiwan tsibiri ne mai mutum wajen miliyan 23, ruwan da ya raba shi da Chaina a inda ya fi ƙunci kimanin kilomita 130 ne, kusan nisan Zariya zuwa Kano ke nan. Yana da shugaban da ake zaɓa, da majalisa, da soja, da kuɗinsa, da fasfo ɗinsa. Sai dai har gobe sunan gwamnatin a hukumance Jamhuriyar Chaina, ita kuwa ta Beijin sunanta Jamhuriyar Jama'ar Chaina, to tun daga sunan ma ka san akwai magana a ƙasa.

A 1895 Japan ta ci daular Chaina da yaƙi ta karɓe tsibirin, ta riƙe shi shekara 50. Da Japan ta sha kaye a Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, gwamnatin Chaina ta lokacin, ta jam'iyyar Kuomintang ƙarƙashin Chiang Kai-shek, ita ta karɓi ragamarsa. Ba a jima ba yaƙin basasa ya sake ɓarkewa tsakanin Chiang da 'yan kwaminisanci na Mao Zedong, a 1949 Mao ya yi galaba, Chiang ya kwashi sojojinsa da jama'arsa ya tsallaka Taiwan ya ci gaba da cewa shi ne halastaccen shugaban duk Chaina. Har yau ba a sa hannu a takardar kawo ƙarshen wancan yaƙi ba. Gwamnatin Beijin ba ta taɓa mulkin Taiwan ko na yini guda ba, kuma ba ta taɓa daina cewa nata ne ba ko na yini guda, duka biyun gaskiya ne, kowane ɓangare ya kan ɗauki wadda ta yi masa ya bar ɗayar.

Yaƙin Koriya ne ya jawo Amurka cikin lamarin sosai. A 1950 Shugaba Truman ya tura jiragen ruwan yaƙi mashigin Taiwan, a 1954 aka ƙulla yarjejeniyar tsaro tsakanin Amurka da gwamnatin Chiang, har da girke sojoji a tsibirin. Kuma har 1971 mutanen Chiang ne ke zaune a kujerar Chaina a Majalisar Ɗinkin Duniya, har da ta dindindin a Kwamitin Sulhu. Ranar 25 ga Oktoban 1971 babban zauren majalisar ya zartar da ƙuduri mai lamba 2758, ƙasashe 76 suka goyi baya, 35 suka ƙi, aka ba Beijin kujerar. Najeriya na cikin masu goyon baya, maƙwabciyarmu Nijar kuwa a lokacin tana cikin waɗanda suka ƙi.

Shi kansa ƙudurin nan ana jan sa ta fuska biyu. Beijin ta ce ya rufe magana, Chaina ɗaya ce kuma Taiwan na cikinta, tana ƙarawa da sanarwar Alƙahira ta 1943 wadda ta ce a mayar wa Chaina tsibirin bayan yaƙi. Amurka da Taiwan kuma suka ce ƙudurin maganar kujera kawai ya yi, ko sunan Taiwan babu a cikinsa, wakilan Chiang Kai-shek ya ce a kora, sannan a yarjejeniyar San Francisco ta 1951 Japan ta ce ta saki tsibirin ne kawai ba tare da ta faɗi wa ta sakar wa ba.

"Na ji" daban, "na yarda" daban

A 1972 Shugaba Nixon ya je Chaina ƙasashen biyu suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa ta Shanghai. Ranar 1 ga Janairun 1979, zamanin Jimmy Carter, Amurka ta ƙulla cikakkiyar hulɗar jakadanci da Beijin, ta yanke wadda take da ita da Taipei, babban birnin Taiwan, ta kwashe sojojinta, yarjejeniyar tsaron 1954 ma ta mutu bayan shekara guda. To a sanarwar 1979 ɗin nan Amurka ta faɗi abu biyu da kalmomi biyu mabambanta. Kan cewa gwamnatin Beijin ita kaɗai ce halastacciyar gwamnatin Chaina, ta ce ta amince. Kan cewa Taiwan yankin Chaina ne kuwa, kalmar Ingilishin da ta zaɓa ma'anarta ta fi kusa da "na san matsayinku, na ji abin da kuka ce". Duk wanda ya taɓa kai ƙara gaban dattijo ya san in ya saurare ka ya ce "to, na ji", bai ce ya yarda ba fa, kuma bai ce bai yarda ba. Amma a kwafin da aka rubuta da harshen Sinanci an sa kalmar da ke nufin amincewa kai tsaye, kowa ya naɗe kwafinsa ya tafi gida. Shi ya sa in ka ji Beijin ta ce "Chaina ɗaya", ka ji Washinton ta ce "Chaina ɗaya", suna ne ya zo ɗaya, abin da kowa ke nufi daban.

'Yan majalisar dokokin Amurka ba su ji daɗin yadda Carter ya saki tsohuwar ƙawa ba, sai a watan Afrilun 1979 suka yi dokar hulɗa da Taiwan, wadda ta ce Amurka za ta riƙa samar wa Taiwan makaman kare kai, kuma duk yunƙurin yanke makomar tsibirin da ƙarfin tuwo abin damuwa ne ƙwarai gare ta. Dokar ba ta ce sojan Amurka zai shiga yaƙi ba. Da gangan aka bar wannan a duhu, don kar Beijin ta saki jiki cewa Amurka ba za ta zo ba, kar kuma Taipei ta saki jiki cewa za ta zo har ta yi gangancin ayyana 'yancin kai. Joe Biden ya sha cewa za su kare Taiwan, kowane karo sai fadarsa ta biyo baya ta ce ai manufa ba ta canza ba.

Takardar da ta fi shafar makamai kai tsaye ita ce sanarwar 17 ga Agustan 1982, zamanin Ronald Reagan. A ciki Amurka ta ce ba ta da niyyar mayar da sayar wa Taiwan makamai abin dindindin, cinikin ba zai zarce na shekarun baya ba ko ta yawa ko ta inganci, kuma tana da niyyar rage shi sannu a hankali. Wannan ita ce takardar da kakakin ma'aikatar harkokin wajen Chaina ke ɗagawa duk lokacin da aka yi sabon ciniki. Abin da ya dagula lissafi shi ne wata guda kafin nan Reagan ɗin ya riga ya aika wa Taipei wasu tabbatattun alƙawura shida, ciki har da cewa bai sa ranar daina sayar da makamai ba, kuma bai yarda zai riƙa tuntuɓar Beijin kafin ya sayar ba. Ya kuma bar wata takarda ta cikin gida, wadda aka fito da ita fili a 2019, yana cewa ragin ya dogara ne kacokan da ci gaba da bin hanyar lumana daga ɓangaren Chaina.

To kun ga Chaina na riƙe da sanarwa uku tana cewa alƙawari ne tsakanin ƙasa da ƙasa, dokar cikin gidan Amurka ba za ta hau kansa ba. Amurka na riƙe da dokar majalisarta da alƙawura shida tana cewa sanarwa bayanin manufa ce, ba yarjejeniyar da majalisar dattawa ta rattaba wa hannu ba ce. Babu kotun da su biyun suka yarda su je. Akwai dai yarjejeniyar cinikin makamai ta duniya ta 2013, wadda Najeriya ta shiga tun a shekarar, Chaina ta shiga a 2020, amma Amurka ba ta taɓa tabbatar da ita a majalisa ba, kuma ita ma ba ta yanke hukunci kan wane ne ƙasa wane ne ba ƙasa ba.

Sanarwa ba ita ce isar kaya ba

Nan ne kanun labarai ke ruɗa mutane. In aka ce "Amurka ta sayar", galibi abin da ya faru shi ne Taiwan ta nema, ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta amince, aka sanar da majalisa, aka ba ta kwana 30 ta duba. Bayan nan ne za a yi kwangila, majalisar Taiwan ta ware kuɗi, kamfani ya sa su a layi. Tankokin yaƙi samfurin Abrams guda 108 da aka amince da su a 2019, rukunin farko na guda 38 sai Disambar 2024 ya isa. Jiragen F-16 sababbi guda 66 na kusan dala biliyan 8 da aka amince da su a wannan shekarar ta 2019 su ma sun yi ta fuskantar jinkiri. A 2024 an ƙiyasta kayan da Taiwan ta yi oda ba su iso ba sun kai wajen dala biliyan 20, yaƙin Yukren ma ya ƙara tsawon layin. Kamar mai ɗinki ne gab da salla, an karɓi yadi an karɓi kafin alƙalami, kaya kuwa sai ka yi ta zarya.

Yawancin kayan Taiwan ce ke biya da kuɗinta. Sai a 2023 aka ga sabon salo, gwamnatin Biden ta ɗebi kayan dala miliyan 345 daga rumbun sojan Amurka ta ba ta a matsayin tallafi, irin yadda ake yi wa Yukren a lokacin, abin da ya ƙara harzuƙa Beijin don ta fuskarta an tashi daga ciniki an koma ɗaukar nauyi. Siyasar cikin gida ma na da hannu a ciki. Lokacin da Bush babba ya sanar da sayar da F-16 guda 150 a 1992, a masana'antar ƙera jiragen da ke jihar Texas ya yi sanarwar, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe, gaban ma'aikatan da ke fargabar rasa aiki.

Me ya sa ƙorafin ba ya ƙarewa

Mai karatu zai ce to tunda Chaina ta san ba za a fasa ba, me ya sa take wahalar da bakinta shekara sama da 40? Duk wanda ya taɓa zama a kotun shari'a ana rigimar gona ya san hukuncin hauzi: in kana gari, kana gani wani bare yana noma gonarka yana gini a ciki har shekara 10 ba ka ce uffan ba, kuma babu abin da ya hana ka magana, to daga baya da wuya alƙali ya saurari da'awarka, shirun naka ya zama hujja a kanka. Dokar ƙasa da ƙasa ma tana da irin wannan tunani, ƙasar da ta yi shiru ana taɓa abin da take cewa nata ne ana iya cewa ta sallama. Don haka duk takardar koke da Beijin ta miƙa, ko ba ta tsayar da ko harsashi guda ba, ta shiga fayil cewa ba a yi shiru ba. Sayar wa wani jirgin yaƙi kuwa ya wuce sayar masa da atamfa, don gwamnati ake sayar wa irin wannan, ga horar da matuƙa da kayan gyara da zirga-zirgar jami'ai na shekaru masu yawa, wato kowane ciniki yana ɗan ƙara wa Taiwan kamannin ƙasa. Wannan ne ke ci wa Beijin tuwo a ƙwarya, wataƙila ma fiye da ƙarfen kansa.

Kuma ƙorafin hawa-hawa ne. Akwai na bakin kakaki, wanda kusan kalmominsa ba sa canzawa. Akwai kiran jakada. Akwai dakatar da wata tattaunawa, kamar a 2010 da Obama ya amince da cinikin dala biliyan 6.4 Chaina ta tsayar da hulɗar soja da Amurka, ko a Yulin 2024 da ta dakatar da tattaunawar taƙaita makaman nukiliya ta ce saboda makaman Taiwan ne. Akwai takunkumi kan kamfanoni irin su Lockheed Martin da Raytheon da sashen makamai na Boeing. Wannan na ƙarshe galibi na nuna ɓacin rai ne kawai, don dama tun 1989 Amurka ta hana sayar wa Chaina makamai, ka ga an hana mutum shiga kasuwar da ba ya ci. Amma ba kullum yake tashi a banza ba, a 2024 wani kamfanin Amurka mai ƙera jirage marasa matuƙa, Skydio, sai da ya koma raba wa kwastomominsa batir da ƙididdiga saboda daga Chaina yake samo batiran. Can sama kuma akwai atisayen soja, irin wanda aka yi bayan ziyarar da Nancy Pelosi, shugabar majalisar wakilan Amurka ta lokacin, ta kai Taiwan a Agustan 2022.

In kana son ganin inda ƙorafin ya yi aiki sosai, dubi Turai. A 1981 Holan ta amince ta ƙera wa Taiwan jiragen yaƙi biyu masu tafiya a ƙarƙashin teku, Chaina ta rage matsayin hulɗarta da ita, ba a koma daidai ba sai 1984 bayan Holan ta yi alƙawarin ba za ta ƙara ba. Faransa ta sayar da jiragen ruwan yaƙi shida a 1991, ta ƙara da jiragen Mirage guda 60 a 1992, Chaina ta rufe ƙaramin ofishin jakadancinta na Guangzhou, kamfanonin Faransa suka rasa kwangiloli, a Janairun 1994 ita ma ta yi alƙawarin dainawa. Tun daga nan kusan Amurka kaɗai ta rage a kasuwar. Shi ya sa in Beijin na yi wa Washinton faɗa, rabin saƙon na sauran ƙasashe ne masu leƙen kasuwar daga nesa, a daki jaki a nuna wa taiki. Ita kuwa Taiwan da ta rasa mai sayar mata da jirgin ƙarƙashin teku sai ta koma ƙera nata, ta ƙaddamar da na farko a 2023.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Chaina ta ce wannan harkar cikin gida ce, ragowar yaƙin basasa, makaman kuma suna ƙarfafa gwiwar masu son ɓallewa, suna sa su ƙi zaman sulhu. Ta ce ta fi son haɗewa cikin lumana, amma ba ta taɓa cire amfani da ƙarfi daga lissafi ba, a 2005 ma ta yi dokar da ta ba ta damar hakan in Taiwan ta ɓalle. Hujjarta mafi ƙarfi ita ce rubutun 1982, don duk mai lissafi ya san ciniki bai ragu ba, ƙaruwa ya yi. Inda ake kama ta shi ne mutanen tsibirin da kansu ba a ga suna rububin haɗewar ba, musamman bayan sun ga yadda Beijin ta ƙara matse Hong Kong daga 2019.

Amurka ta ce ba ta goyon bayan Taiwan ta ayyana 'yanci, abin da take so kar wani ya canza yadda ake zaune da ƙarfi, kuma Chaina ce ta fara sauya lissafi da ta tara makamai masu linzami a gaɓar da ke kallon tsibirin, ta harba wasu kusa da shi a 1995 da 1996, yanzu kuma jiragenta ke shawagi kusan kullum. Ta ce Taiwan mai ƙarfi ita ke sa a yi tunani sau biyu kafin a far mata. Masu sukarta na cewa akwai ribar kamfanonin makamai a ciki, akwai kuma son takura wa kishiya, tunda tsibirin na tsakiyar jerin ƙawayenta daga Japan zuwa Filifin. Trump ma a 2024 ya fito ƙarara ya ce kamata ya yi Taiwan ta riƙa biyan kuɗin kariya.

Su 'yan Taiwan bakinsu ba ɗaya ba ne. Jam'iyyar DPP ta Shugaba Lai Ching-te, wanda ya hau mulki a Mayun 2024, tana cewa ai dama suna da 'yancinsu babu buƙatar wata shela, a 2024 ɗin aka mayar da aikin soja na dole shekara guda maimakon wata huɗu. Kuomintang, jam'iyyar da ta yaƙi Mao, yau ita ce ta fi son a zauna da Beijin, tana kuma yawan tambayar nawa ake kashewa, yaushe kaya za su iso. Ƙuri'un jin ra'ayi da aka daɗe ana yi na nuna mafi yawan jama'a sun fi son a bar abin yadda yake. Hatta irin makamin da za a saya ana gardama, wasu na son manyan jirage da tankoki, wasu na cewa a bi dabarar beguwa, ƙananan makamai masu yawa masu sauƙin ɓoyewa da za su sa mai son haɗiye tsibirin ya ji ƙaya a maƙogwaro.

Ta ina ya shafi Najeriya

Ɗan Najeriya da ya san tarihi ba baƙo ba ne a wannan magana. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 makaman Faransa sun riƙa shiga Biyafara ta Gabon da Kwaddibuwa, ƙasashen Afirka huɗu suka amince da ita a matsayin ƙasa, gwamnatin Janar Gowon, wanda a Wusasa ya tashi, ta riƙa faɗin kusan abin da Beijin ke faɗa yau, cewa harkar cikin gida ce. Wannan na cikin dalilan da suka sa hujjar Chaina ke saurin shiga kunne a nan. Sai dai kwatancen yana da iyaka, Biyafara yanki ne da Legas ke mulka ya ɓalle, Taiwan kuwa gwamnati ce da ta girmi ta Beijin, ta rasa babban yanki ta maƙale a tsibiri sama da shekara 75.

Gwamnatin Gowon ce ta ƙulla hulɗa da Beijin a Fabrairun 1971. A Janairun 2017, lokacin ziyarar ministan harkokin wajen Chaina Wang Yi, Najeriya ta umarci ofishin Taiwan ya tashi daga Abuja ya koma Legas a matsayin ofishin kasuwanci, a ziyarar Shugaba Tinubu ta Satumban 2024 ma an sake jaddada matsayin Chaina ɗaya. Nijar ta yi ta kai-kawo, ta koma wa Taiwan a 1992 ta dawo Beijin a 1996, Burkina Faso ta bar Taiwan a 2018, yanzu Eswatini kaɗai ta rage mata a Afirka. Ba sai an faɗa ba, akwai layin dogon Abuja zuwa Kaduna da aka gina da bashin Chaina, ga na Kaduna zuwa Kano da zai ratsa ta Zariya a hannun kamfanin CCECC na Chaina.

Mun kuma ɗanɗana yadda makami ke tafiya da siyasa. A 2014 ana tsakiyar yaƙi da Boko Haram Amurka ta hana a sayar mana da jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra daga Isra'ila saboda zargin take haƙƙin ɗan'adam, daga baya ta sayar mana da jiragen yaƙi samfurin Super Tucano guda 12 da suka iso a 2021, a tsakanin nan kuma sojanmu ya sayi tankoki da jirage marasa matuƙa daga Chaina. Ƙasar da ke cin kasuwa biyu irin haka ba ta son ranar da za a ce ta zaɓi ɗaya.

Aljihun talaka

Sanarwar ciniki da takardar koke su kaɗai ba sa ƙara ko kwabo a farashin kaya a kasuwar Sabon Gari, an shafe shekaru ana yin su kaya na zuwa. Abin da zai taɓa mu shi ne in abin ya wuce baki, a killace tsibirin ko a gwabza.

Ta waya za a fara ji. Tecno da Infinix da Itel da suka cika shagunan unguwar PZ ta Zariya na kamfanin Transsion ne na Shenzhen a Chaina, amma ƙwaƙwalwar da ke cikin da yawansu, wadda masu gyara ke kira furosesa, ta kamfanin MediaTek ce na Taiwan. Kamfanin TSMC na Taiwan shi ke ƙera fiye da rabin irin waɗannan ƙwaƙwale da kamfanonin duniya ke ba da kwangilarsu, waɗanda suka fi ƙarfi kuwa kusan duka daga can suke. Wato wayar da ke hannunka aikin ɓangarorin biyu ne da ke harare-hararen juna, "ɗan Taiwan" ɗin da makanikai ke yi wa kallon jabu ya daɗe da wuce nan.

Sai hanyar ruwa. A 2022 an ƙiyasta kusan rabin jiragen dakon kwantena na duniya sun ratsa mashigin Taiwan. Kayan da ɗan kasuwa ya loda a Guangzhou ba lallai su bi ta nan ba don tashar tana kudu da mashigin, amma na Yiwu da ke fita ta Ningbo ko Shanghai ta wajen suke gangarowa, kuma da zarar kamfanonin inshora sun ji ƙamshin yaƙi kuɗin dako ke tashi ga kowa. Chaina ce kan gaba a ƙasashen da Najeriya ke sayo kaya daga gare su, daga farantin sola da batir da babur har atamfar da ke Kantin Kwari. In Amurka da ƙawayenta suka sa wa Chaina takunkumin banki irin wanda aka sa wa Rasha, tura kuɗin kaya ma kansa zai zama aiki. Manoman masara na Giwa da Soba sun riga sun ga samfurin irin wannan a 2022, yaƙi a Yukren, buhun taki ya tashi a nan, alhali cinikinmu da Rasha da Yukren a haɗe bai kama ƙafar wanda muke yi da Chaina ba.